Ka fara lissafi daga ranar da bizarka za ta ƙare

Ɗan'uwa, sannu da zuwa Ingila. Na san a kwanakin nan abin da ke ranka bai wuce ɗakin haya da rigar sanyi da bas ɗin da ke zuwa jami'a ba. Duk waɗannan za su daidaita cikin wata guda, in sha Allahu. Maganar da nake son yi da kai a kan abin da bai matsa maka yau ba ne: me ya kawo ka, kuma zuwa wace rana kake son ya samu?

A watan Satumba na sauka Manchester don yin digiri na biyu. Ban cika wata biyu ba na samu aiki a wani sito, muna cusa kaya cikin kwalaye daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba. Da albashin farko ya shigo na buga shi da naira, sai na ga kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa a wata ɗaya ba. Daga nan burina ya koma kada mako ya wuce ban cike sa'o'ina ba. Ina zuwa aji ido jajir, ina rubuta aikin makaranta a cikin bas. Sai a watan Yuni, da na zauna neman aikin da na yi karatu dominsa, na tarar manyan kamfanoni sun rufe karɓar takardu tun cikin hunturu. Yawancinsu tsakanin Satumba da Disamba suke buɗe ƙofar ɗaukar masu kammala karatu, don aikin da za a fara a shekara mai zuwa. Wato a makon da nake yawon neman bargo, a makon ya kamata in fara gyara takardun neman aiki. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambayi kowa ba.

Shi ya sa nake cewa ka shiga asusun bizarka na intanet yau ɗin nan, ka duba ranar da za ta ƙare, ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a takarda, ka manna a bayan ƙofa. Daga wannan rana za ka riƙa ƙirgowa baya. Digiri na biyu a nan yawanci shekara ɗaya ne tak. Bayansa akwai bizar masu kammala karatu da aka buɗe a 2021, mai ba ka shekara 2 ka yi aiki, ko shekara 3 in digirin digirgir ka yi. Ba a sabunta ta. Kuma an riga an sanar cewa wanda ya nema daga 1 ga Janairun 2027 wata 18 kawai zai samu, ban da masu digirin digirgir. In kana son ci gaba da zama da bizar aiki, kafin ta ƙare dole ka samu ma'aikatar da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, sannan albashin ya kai mizanin da gwamnati ta yanka. A Afrilun 2024 an ɗaga mizanin zuwa fam 38,700 a shekara, a Yulin 2025 ya koma fam 41,700, kodayake akwai rangwame ga waɗanda ba su jima da gama karatu ba. Sunayen ma'aikatun da ke da wannan lasisi suna nan a shafin gwamnati, kyauta. Ka tsamo ashirin da suka dace da fanninka tun a watan farko, ka san abin da suke buƙata.

To, "ina so in yi nasara" ba buri ba ne, fata ne, kuma kowa na da shi. Buri shi ne abin da ke da rana da adadi. Ma'aikaciyar jinya da ta zo daga Kano ko Kaduna ta san hanyarta ta bi ta NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista: jarrabawar Turanci, jarrabawar kwamfuta, sannan ta gwajin aiki da ake kira OSCE. Ke 'yar'uwa, sai ki sa wa kowacce wata, ki san kuɗinta, ki san daga ina zai fito. Likita kuma jarrabawar PLAB ce a gabansa kafin rajista da GMC, hukumar likitoci. Wanda ya karanta kwamfuta ko lissafin kuɗi ya je ofishin shawarar aiki na jami'arsa a makon farko. Kuɗin makarantar da ka biya ya haɗa da su, za su gyara maka takarda, su zaunar da kai su gwada maka tambayoyin ganawa. Ni sai da na kusa barin makaranta na taka ofishin, abin yana damuna har yau.

Kan sa'o'in aiki kuwa, kada ka bari wani ya ruɗe ka. Ɗalibin digiri sa'a 20 doka ta ba shi a mako lokacin karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar gashin kansa ba. Za ka haɗu da wanda zai ce maka kowa na yi, a biya ka a hannu ba wanda zai sani. Idan asiri ya tonu, bizarka ce za ta tafi, da gonar da aka sayar aka biya maka kuɗin makaranta.

Sai maganar gida, wadda ta fi komai nauyi, kuma ba a cika son faɗinta a fili ba. Daga ranar da aka ga hotonka a cikin dusar ƙanƙara, wayarka ba za ta huta ba. Kuɗin makarantar ƙane, bikin ƙanwa, maganin kawu, jarin abokin da kuka yi firamare tare. Da yawa buƙatun gaskiya ne, shi ya sa ƙin su ke da ciwo. Abin da ya cece ni shi ne na kira mahaifiyata na ce, "Hajiya, ga abin da zan iya turowa duk wata ba fashi, ga kuɗin hayata, ga abin da nake tarawa don biza ta gaba." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, sauran mutane ka bar ni da su." Iyaye sun fi mu fahimta idan aka buɗe musu lissafi. Sabunta biza ba kuɗi kaɗan take ci ba: ban da kuɗin takarda, harajin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a kowace shekara ga wanda ya bar sahun ɗalibai, kuma gaba ɗaya ake biya. Wanda bai fara ajiye shi tun watan farko ba, bashi zai ci.

Lasisin tuƙinka na gida wata 12 kawai zai yi maka aiki a nan, don haka sa jarrabawar tuƙi cikin jerin. Ka yi rajista da likitan unguwa tun kana da lafiya.

A takardar nan ta bayan ƙofa, ka bar wuri ga abin da ba albashi ba. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin 'yan sa'o'i kana tsaye a wurin aiki. In ba ka tsara ba, za ka wayi gari ka ga ka yi wata uku ba ka je Juma'a ba, Alƙur'aninka ya yi ƙura, ba ka zauna ka ci tuwo da ɗan'uwa ba. Kaɗaicin ƙasar nan a hankali yake cin mutum. Ka rubuta shafi nawa za ka karanta a rana, wane masallaci ne naka, wa za ka ziyarta ranar Lahadi. Mai iyali a gida ya san cewa tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kawo mata da 'ya'ya, don haka ku zauna da maiɗakinka ku yanke tsawon rabuwar da za ku iya jurewa, kada a bar ta tana jiran "sai an ga yadda ta yiwu".

Ka kuma rubuta sharaɗin komawa. Idan rana kaza ta zo aikin bai samu ba, da me za ka koma gida? Da wace takardar ƙwarewa, da jarin nawa, wa za ka nema a Abuja ko Kano tun kafin ka sauka? Na ga waɗanda suka koma da shiri suna zaune lafiya cikin mutuncinsu, na kuma ga waɗanda kunyar komawa ta sa suka zarce wa'adi, yau ba su da halin zuwa jana'izar iyayensu.

Tawa takardar, Lahadin farko na kowane wata nake ciro ta bayan sallar asuba, in soke abin da ya samu, in sa wa wanda ya kufce sabuwar rana. Ka nemi mutum ɗaya da ya riga ka zuwa, wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ka ɗauki hoton taka ka tura masa, ka ce ya riƙa tambayarka inda aka kwana.