Yadda Ake Kula da Sabuwar Alobera Don Kada Ta Ruɓe a Hannunki

Alobera ta shiga gidaje da yawa a Katsina, wasu don gyaran fata da gashi, wasu don ta ƙawata tsakar gida. Sai dai sau da yawa ba ta rufa wata biyu a hannun wadda ta saya. A kawo ta kore shar, ganye cike taf, kafin a ankara ta yi laushi ta kwanta a bakin tukunya. In aka bi diddigi, yawanci ruwa ne ya yi mata yawa. Asalinta daga busassun wuraren yankin Larabawa ne, kuma a cikin ganyenta take ajiye ruwanta. Ko ƙofofin numfashin ganyen ma rufe su take yi da rana, sai dare ta buɗe, don kada danshi ya tsere. Tana iya yin makonni ba a ba ta ruwa ba, amma in saiwarta ta daɗe a cikin caɓi, ruɓewa za ta yi.

Ranar da kika kawo ta gida

Kada ki ba ta ruwa. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, amma masu sayar da shuke-shuke a bakin titi kusan kullum suna ban-ruwa, don haka da wuya ki same ta da ƙishirwa. Ajiye ta a inuwa mai haske, ta yi kamar mako guda tana sabawa da gidan. A cikin kwanakin nan ki duba ta da kyau. Matsa gindinta da yatsa, daidai inda ganye ya haɗu da ƙasa: ya kamata ki ji shi da tauri. Buɗa tsakanin ganyayyaki ki leƙa, ko akwai wani farin abu da ya taru a lungu. In akwai, ƙwari ne, ki nesanta ta da sauran shukokinki tukuna.

Tukunya da ƙasa

Yawanci a baƙar leda ake sayar da ita, da ƙasa mai nauyi wadda ke riƙe ruwa. Bayan makon nan sai ki sauya mata mazauni. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin tana tsotse danshi ta jikinta, kuma ba ta ɗaukar zafin da roba ke ɗauka a bazara. Kowace iri kika samu, dole ta kasance da huda a ƙasa. Bokitin fenti ma zai yi in aka huda shi da ƙusa wuri huɗu ko biyar. Saiwar alobera ba ta nitsawa can ƙasa, gefe take bazuwa, saboda haka tukunya mai faɗin baki ta fi mai zurfi. Kada kuma ki sa 'yar ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ce ke zama jiƙe.

A nan mutanen Katsina da Daura mun yi dace, don rairayi ba ya mana wuya. Haɗa kashi biyu na yashi mai tsakuwa, irin na gini, da kashi ɗaya na ƙasar gona, ki barbaɗa ɗan takin da ya riga ya ruɓe sarai, sai ɗan dakakken gawayi in kina da shi. Ki guji lakar fadama, ki guji ɗanyen kashin kaji ko na awaki, zai ƙona saiwa. Gwajin mai sauƙi ne: jiƙa haɗin ki dunƙula a hannu. In kika buɗe hannu ya wargaje, ya yi. In ya tsaya a dunƙule, ƙara yashi.

Ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Yanke ledar, kada ki fizgo shukar. Kakkaɓe tsohuwar ƙasar a hankali, ki dasa ta daidai zurfin da take a da, ganyen ƙasa yana sama da ƙasa, ba a binne ba. Daga nan ki sake haƙura da ruwa na tsawon mako guda, domin saiwoyin da suka ji rauni wajen dashe su warke.

Inda za ta zauna

Tana son haske sosai, amma wadda ta taso a ƙarƙashin rumfar mai sayarwa ba za ta iya da ranar Afrilu kai tsaye ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fara mata da ranar hantsi, awa biyu ko uku, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni biyu. Wuri mafi kyau shi ne gefen gabas, inda za ta sha ranar safe, inuwar katanga ko ta bedi ta rufe ta daga azahar. In a ɗaki kike son ta, to a bakin taga, kuma ki riƙa juya tukunyar.

Wurare biyu nake roƙon ki guje musu. Na farko wajen alwala. Tukunya in tana nan, duk wanda ya idar sai ya juye mata ragowar ruwan buta, da kyakkyawar niyya kuwa, sau biyar a rana, mutum nawa a gidan. Ba aloberar da za ta rayu a haka. Ki gaya wa yara, ki gaya wa maigida, mutum ɗaya ne ke ba ta ruwa. Na biyu ƙarƙashin indararo, wanda ba a tuna da shi sai damina ta sauka. In akwai kaji ko awaki a gidan, ɗora ta a kan dakali ko bulo.

Ban-ruwa

Kada ki bi lissafin kwanaki kawai, ƙasar za ki tambaya. Tura yatsa har gaɓa ta biyu, ko ki soka tsinke har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi, ki bari. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai a kan ƙasar har sai ya fito ta hudar, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kada ki zuba a tsakiyar ganye, ruwan da ya kwanta a nan yana ruɓar da zuciyarta. Ruwan wanke-wanke da na sabulu ba nata ba ne.

A bazara ƙaramar tukunyar ƙasa tana iya bushewa cikin mako guda. Da hunturu girmanta yana raguwa, sai ta yi mako biyu zuwa uku ba ta nema ba, illa dai ki goge mata ƙura da ɗan tsumma mai danshi. Daga Yuli zuwa farkon Satumba, musamman a Agusta, ki janye ta ƙarƙashin rumfa ki bar ban-ruwa sai ƙasa ta bushe.

In ta fara canzawa

Ganye ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa amma yana da tauri: rana ce ta yi mata yawa. Matsar da ita inuwa, korenta zai dawo. Tabon da ya riga ya ƙone ya bushe kam ba ya gogewa. Ganye ya sirance, ya lanƙwashe ciki, bakinsa ya bushe: wannan ce ƙishirwa ta gaskiya, ki ba ta ruwa ta ƙoshi. Ganye ya yi tsawo, ya koɗe, yana faɗuwa gefe: duhu ne, tana neman haske. Ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa su bushe, tsufa ne kawai.

Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ana goge shi da auduga da aka tsoma a sifirit, a maimaita bayan 'yan kwanaki har ya ƙare. In kin ga tururuwa na hawa da sauka, ki duba da kyau, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ganye ya yi rawaya, ya yi ruwa-ruwa, gindi ya yi laushi har da wari. Nan ba a jira gobe. Tumɓuke ta, ki wanke saiwar. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, launinta fari-fari ko rawaya, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana saɓulewa a hannu. Sa wuƙa mai tsabta ki yanke duk inda ya ruɓe har ki kai nama mai kyau, ko da saiwar duka za ta tafi. Barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ki ajiye ta a inuwa kwana uku zuwa biyar har bakin ya bushe. Sannan ki dasa a sabuwar busasshiyar ƙasa, ki tokare ta da duwatsu, ki bar ta mako ɗaya ko biyu babu ruwa. In zuciyarta ba ta ruɓe ba, tana iya fitar da sabuwar saiwa. In ruɓar ta kai tsakiya, ki ceci 'ya'yan da ke gefe, domin ganye shi kaɗai da wuya ya tsira in an dasa.

Yankan ganye

Ki bar sabuwar shuka ta kafu, sai kin ga sabon ganye na fitowa daga tsakiya. In za ki yanka, ɗauki na waje mai kauri, daga gindi, ɗaya ko biyu. Tsayar da shi a kofi na minti 15, wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye. Wannan ruwan yana sa gudawa da murɗar ciki, yana kuma sa wasu ƙaiƙayi. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara kada su sha, a kuma hana kyanwa taunar ganyen. Farin naman nan mai yauƙi na cikin ganyen shi ake shafawa, bayan an ɗauraye, kuma ki fara gwadawa a ɗan wuri a hannu. Ƙuna mai zurfi ko babban ciwo, asibiti za a nufa.

'Ya'yan da ke tsirowa a gefe kuwa, ki bar su sai sun kai tsawon tafin hannu sun yi saiwarsu, sannan ki raba su da uwar, ki shanya kwana biyu a inuwa kafin ki dasa kowanne a tasa tukunyar.