Yadda za ka tsara netwok ɗinka a kilaud kafin ka kunna saba

'Yan uwa masu koyon kwamfuta a Birnin Kebbi da Argungu da Jega, na ga da yawa kun fara buɗe akawun a AWS ko Azure, masu ba da hayar kwamfuta ta intanet, abin da ake ce ma kilaud, madalla, amma abin da ke damuna sai mutum ya yi gaggawar kunna saba, wato kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, ya jibga komai wuri guda bai ko leƙa netwok ba. A AWS sunan wanga netwok VPC, tun 2009 sunka fito da shi, Azure kuma VNet suke ce mai. Yanki ne da anka keɓe maka kai kaɗai, ba waya ba suwic da za ka taɓa da hannu, duk a allo za ka haɗa shi.

Fara da adireshi. Ka ba VPC ɗin 10.0.0.0/16, adireshi 65,536 kenan, kuma irin na cikin gida ne waɗanda ba su yawo a intanet, dangin 192.168 ɗin nan da kake gani a rawutar shagonka. In ka san wata rana za ka haɗa shi da netwok na ofis to kada lambobin su zo ɗaya, gyaran wanga daga baya wahala ce sosai.

Sai ka yanka shi zuwa sabnet, wato ƙananan yankuna a cikin VPC ɗin. Ka ɗauke shi kamar zaure da cikin gida, baƙo iyakarshi zaure. A 10.0.1.0/24 za ka aje sabar da mutane ke shigowa ta kanta, 10.0.2.0/24 kuma na rumbun bayanai ne. Kowane /24 adireshi 256 ne amma AWS na riƙe 5, saura 251 gare ka. Abin da ke maida sabnet na fili ba sunan da ka raɗa mai ba ne, teburin hanya ne, wanda ke faɗin inda saƙo zai bi, in ka rubuta a ciki cewa 0.0.0.0/0, wato duk wani adireshi na waje, ya bi ta getwe na intanet, ƙofar fita intanet kenan, to ya zama zaure, in babu wannan layin ba mai iso gare shi daga waje.

Nan ne nake so a natsu don Allah. Ce ka yi wa dillalan shinkafa manhajar lissafi, akwai sunayen mutane da lambar waya da bashin da ake bin kowa, wanga amana ce, bai kamata rumbun ya samu adireshin fili ba ko na minti ɗaya, don akwai masu laluben intanet dare da rana suna neman ƙofa buɗe. A sikiyoriti gurup na saba, wato jerin dokokin wanda za a bari ya shigo, ka buɗe fot 443, ƙofar da masu ziyartar manhaja ke bi, ga kowa, 22 kuma, ƙofar da kake shiga ka sarrafa sabar, ga adireshinka kaɗai, kuma tunda layin waya na yawan canza adireshi sai ka riƙa sabuntawa, kada gajiya ta sa ka buɗe ma duniya. Na rumbun, 3306 in MySQL ne ko 5432 in PostgreSQL, kuma daga gurup na sabar kawai zai karɓa.

In rumbun da ke ciki na son sauko da sabuntawa sai ka sa NAT, wato ɗan aike mai fita intanet a madadinshi, a sabnet na fili, shi zai fita ya ɗauko amma ba a biyo shi ciki. Sai dai fa kuɗinshi da awa ake lissafawa kuma da dala, ko kana aiki ko kana barci, in gwaji kake ka goge shi da ka gama.