Yadda ake gano ɓoyayyen jarumi kafin a buɗe littafi na uku

Labarin almara mai littafi uku yakan riƙe amsar babbar tambayarsa har shafukan ƙarshe, amma marubucin kirki ya riga ya binne alamunta tun daga na ɗaya. Tono su aiki ne mai tsari. Misalin da za a bi a nan shi ne Mistborn na Brandon Sanderson, marubuci ɗan Amurka, wanda littattafansa uku suka fito a 2006, 2007 da 2008. Wanda bai karanta ba ya dakata a nan, domin za a tona ƙarshen labarin.

Fara da littafin rubutu. Raba kowane shafi gida uku: abin da aka faɗa game da jarumin da ake jira, bakin da ya faɗa, da lambar babi. Babi za ka rubuta, domin lambar shafi tana sauyawa daga bugu zuwa bugu. Sai ka jera mutum biyar da kake zargi, ka tabbata akwai bara ko malami a cikinsu. Masu karatu sun fi tuntuɓe a nan: ido yana kan mai takobi, an manta da mai ɗaukar jaka.

Gida na biyu ya fi kowanne muhimmanci. A littafi na biyu, Sazed, wani bara kuma malami a labarin, ya tarar da tsohon rubutu a farantin ƙarfe, ya ɗora takarda ya goga gawayi ya kwafe. Daga baya kwafin ya saɓa da na ƙarfen, saboda Ruin, ikon ɓarna na labarin, yana iya sauya duk rubutun da ba a ƙarfe yake ba. Ke nan duk hujjar da ta fito daga takarda ta zama abin tuhuma, kuma hasashen da aka gina a kanta ya rushe. Kafin ka yarda da magana, tambayi wa ya rubuta ta, ta hannun wa ta biyo, wa zai ci riba in aka gaskata ta.

Bayan haka ka auna kowace siffa da ma'anarta ta zahiri kafin ka tafi ga azanci. Tsohuwar bushara ta ce jarumin zai ɗauki makomar duniya a damatsansa. Yawancin mutane sun ɗauke ta a matsayin adon magana, suka liƙa wa Vin, yarinyar da take tauraruwar labarin. Alhali Sazed yana sanye da mundayen jan ƙarfe a hannuwansa, inda ya taskace ta hanyar sihiri ilimin addinai wajen 300 da aka shafe. Haka kuma bushara ba ta fayyace namiji ko mace ba, shi kuwa an dandaƙe shi tun yana yaro. Alamu biyu ke nan a kan mutumin da yake tsaye a gefe tun farko, kuma shi ne ya zama jarumin.

Kada ka tsallake gajerun rubuce-rubucen da ke saman kowane babi. Saurari muryar: wa yake magana da irin wannan ladabi da taka-tsantsan? A littafi na uku muryar Sazed ce.

Game da girman hali, dubi abin da aka ƙwace wa kowa a ƙarshen littafi na biyu. Sazed ya rasa masoyiyarsa Tindwyl a yaƙin birnin Luthadel, imaninsa ya tafi tare da ita, ya shiga na uku yana bin addinan nan ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa. Marubuci ba ya kashe babi da yawa a kan raunin mutum sai in zai yi amfani da shi. A ƙarshe taswirori da lissafin taurari da ilimin jikin ɗan Adam da ke cikin addinan ne Sazed ya gyara duniya da su.

Hasashe bai nuna ba sai ya sami hujja uku daga littafi biyu aƙalla. In ya samu, koma ka nemo abu ɗaya da zai karya shi. Ɗan kunnen Vin ya isa misali: duk sanda aka fizge shi sai hazon sihiri na labarin ya ba ta ƙarfi, in yana kunnenta kuwa sai ta riƙa jin muryar da take zaton ta yayanta Reen ce. Wanda ya rubuta babin da kowanne ya faru zai ga cewa wani ne ke jan akalarta ta ƙarfen da ke kunnenta.