Yadda za ka rage haɗarin yuraniyom a gidanka in kana zaune Arlit ko Akokan

Jama'a matsalar tururin yuraniyom, wato radiyeshon da ke fita daga ma'adinin, ita ce ba ya wari, ba ya da launi, ba ka jin zafinsa a jiki, sai bayan shekaru a ga ciwo ya fito. Tun 1971 kamfanin Somair ke haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, Cominak kuma ta yi aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akokan kusa da Arlit daga 1978 har aka rufe ta a watan Maris 2021, ta bar tulin dusar ma'adini, wato ragowar da ta saura bayan an tace yuraniyom, kusan tan miliyan 20 a bakin gari. Rufe mahaƙa bai kashe gubar ba fa, domin sinadarin radiyom da ke cikin dusar nan sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. To mai iyali a wurin ya zai yi?

Fara da tsofaffin ƙarafa, don nan ne mutum ke sayen masifa da kuɗinsa. Tun 2003 masu awon tururi na cibiyar CRIIRAD mai zaman kanta daga Faransa suka tarar da ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit, bututu ne da guntayen injina da suka fito daga masana'anta, mutane na saye suna rufin ɗaki, wasu su yi ƙofa, wasu ma har kayan girki ake ƙerawa da su. Duk ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, musamman bututun da cikinsa ya yi ɓawon datti ya daskare, kar ya shiga gidanka ko da kyauta aka ba ka, haka ma tsummokaran tace ma'adini da wasu ke shimfiɗawa. In kuma ya riga ya shiga to kar ka kankare shi, kar ka yanka, kar ka kai wa maƙeri ya narka, fitar da shi nesa da inda ake kwana da inda yara ke wasa sannan ka nemi masu na'ura su auna. 'Yan gwangwan ku ma wannan ta shafe ku ko a ina kuke, a Goiania ta ƙasar Burazil a 1987 masu tsintar ƙarfe ne suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, mutum 4 suka mutu.

Sai gini. Kar ka cike tsakar gida ko ka yi daɓe da duwatsu da ƙasar da aka zubar daga mahaƙa, komai arharsu. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna wani titi a Akokan da aka cike da irin duwatsun nan, ta samu tururin ya kusa ninka na al'ada sau 500. Daga cikinsu ne iskar radon ke fita ta taru a ɗakin da ke rufe, ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu bayan taba, kuma mai shan taba da ke shaƙar ta haɗarinsa ya fi na kowa nesa ba kusa ba, wallahi in kana busa sigari a garin nan ka yi wa Allah ka daina. Ɗakin kwana a riƙa buɗe taga iska na ratsawa kullum, tsagar da ke daɓe a toshe ta da siminti. 'Yan uwanmu na Jos da ke ɗiban yashin tsofaffin ramukan kuza suna gini, ku ma ku kula, akwai toriyom a cikinsa, shi ma sinadari ne mai tururi kamar yuraniyom.

Ƙura kuwa a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, abinci da randa a rufe, yara su wanke hannu kafin su ci. Ranar da iska ta taso da ƙura a rufe tagogi a sa takunkumi, in ta lafa a buɗe. Ma'aikaci ya bar kayan aikinsa can wurin aiki, kar uwargida ta haɗa su da na yara a wanki.

Maganar ruwa akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, wai a tafasa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, yuraniyom yana nan daram, ƙara taruwa ma yake in ruwan ya ƙone, tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi, kuma ƙoda yake fara taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 30 a lita ɗaya, don haka ku haɗu 'yan unguwa ku je wajen hukumomin gari ku nemi a auna rijiyarku ko famfonku a ba ku sakamakon a rubuce, mutum ɗaya ana iya share shi amma unguwa guda da wuya. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana wannan fafutuka a Arlit, ku tuntuɓe su. Kafin sakamako ya fito, jarirai da masu juna biyu a fara ba su ruwan da aka fi yarda da shi.

Wanda ya taɓa aiki a mahaƙa, ko ɗan kwangila ne, ya adana takardun aikinsa da na awon tururin da aka yi masa, ya riƙa zuwa a duba huhu da ƙoda. Shan madara ba ya wanke komai daga huhu, a bar wannan zancen. Tari ya wuce sati 3, ko ka ga jini a majina, ko kana ramewa ba dalili, je asibiti ka faɗa wa likita shekara nawa ka yi a rami da irin aikin da ka yi.