Idan abin da ya wuce ya ƙi barin zuciya

Jama'ar Tawa, wanda ya tsira daga hari ko haɗarin mota, abin kan dawo masa kamar yanzu yake faruwa: gaba na faɗuwa, zufa, barci ya gagara. Ba raunin imani ba ne, jiki ne bai gane haɗarin ya wuce ba.

Idan ya taso, ku dafa ƙafafu a ƙasa, ku ja numfashi ta hanci kuna ƙirga 4, ku sake shi a hankali kuna ƙirga 6, har minti 5. Kada ku yi ta zuƙar iska da sauri, jiri yake kawowa, tsoron ya ƙaru. Sannan ku ambaci abubuwa 5 da kuke gani: buta, tabarma, ƙofa.

Tunanin "laifina ne" kuwa, ku rubuta shi, ku tambayi kanku: da ƙanena ne abin ya sama, haka zan ce masa?

A rage shayin dare, a guji tramol. Kada a matsa wa mutum sai ya ba da labari.

In an wuce wata ɗaya ba sauƙi, a je likita. In tunanin kashe kai ya shigo, ranar nan za a je.