Kurakuran da sabon direban tirela ya fi yi, da yadda zai gyara su

Ranar da ubangida ya miƙa maka makulli ya ce daga yau kai ne direba, ranar ce aiki ya fara. Shekarun da ka yi kana yaron mota, kana sa weji kana ɗaure tampol, sun koya maka mota, amma alhakin rai da dukiyar mutane yanzu ya hau wuyanka. Na daɗe ina bin hanyar Kano zuwa Legas, kuma kusan duk kuskuren da nake gani wajen sababbin direbobi tushensa ɗaya ne: son a ce sun iya, su riga kowa sauke kaya.

Bari in fara da gangara, domin nan ne ta fi cin mutane. Sabon direba yakan shigo gangara da babbar giya, ya ɗora ƙafa a kan birki yana ta dannawa har ƙasa. Ni ma na yi. Saukowata ta farko daga Hawan Kibo na jihar Filato da lodin masara, ban kai rabi ba na fara jin ƙaurin birki, ina taka shi yana amsawa da kyar, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf a kan sitiyari. Allah ne kawai ya kiyaye. Abin da ke faruwa shi ne, in ka daɗe kana danne birki sai ya ɗau zafi, ƙarfen ya buɗe, kamun ya ragu. In kuma ka yi ta taka shi kana saki da sauri, iskar tanki ce za ta ƙare, birkin tirela kuwa da iska yake aiki. Gyaran tun daga sama ake yin sa. Kafin kan mota ya sunkuya, ka rage gudu ka sa ƙaramar giya, irin wadda za ka hau tudun da ita ko ma ƙasa da haka, ka bar inji ya riƙe nauyin. Ka kunna birkin inji in motarka na da shi. In gudu ya ƙaru, ka taka sosai na ɗan lokaci, ka saki ya huce, idonka na kan agogon iska. Sakin mota a firi don a rage shan gas kuwa, don Allah ƙanena kada ka soma. Da ta ɗau gudu, giya ba za ta sake shigar maka ba. Kuma kullum da safe ka tsiyaye ruwan da ya taru a tankunan iska, musamman da damina.

Sai barci. Matashi yana ganin kunya ce ya tsaya ya kwanta alhali abokan tafiya sun wuce, sai ya nemi kofi mai ɗaci, goro, wani ma har taramol. Duk waɗannan ido kawai suke buɗewa, gajiyar tana nan a kai. Ka lissafa da kanka: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, ka yi mita 50 babu direba a cikin motar. Daga ƙarfe biyun dare zuwa asuba ne ya fi kama mutum. Idan ka fara hamma a jere, ko ka wuce wani gari ba ka tuna lokacin da ka shige shi ba, ka nemi wurin da motoci ke kwana, irin su Mararrabar Jos, Tafa, Jebba ko Ogere, ka kashe mota ka miƙe. Tun kafin ka tashi daga Kano ka tsara inda za ka kwana, kada dare ya riske ka a dajin da ba a tsayawa. Ka riƙa tambayar waɗanda suka fito daga inda ka nufa yadda hanya take.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Wasu na ganin takura ce. To, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi, kuma nauyin da ke bayanka ba ya jin magiya.

Taya ma ana raina ta. Ƙyallin fuska ba shi ne lafiyarta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, misali 2321, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Duk inda ka tsaya, ka zaga motar da ƙafarka, ka ƙwanƙwasa tayoyin ciki, ka taɓa notuna. Kada ka bar wa yaro wannan shi kaɗai.

Wajen lodi, kuskuren farko shi ne sa hannu a wayabil, wato takardar kayan da aka loda, ba ka ƙirga ba. Buhu biyar suka ɓata, a albashinka za a cire. Na biyu shi ne yarda da obalodi saboda ɗan ƙarin da mai kaya zai tura maka a aljihu. Abin da ya fi damuna dai shi ne ɗora mutane a saman buhuna ko saman shanu. Na san 'yan uwa ne, na san kuɗin mota ya yi tsada, amma in motar ta kwanta su ne a ƙasa, kaya a kansu. Mai tanka kuma ya sani man da bai cika ba yana kaɗawa, yana tura mota gefe a kwana. Ba mu manta Majiya ta jihar Jigawa ba, a watan Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar fetur ɗin tankar da ta faɗi. In tsautsayi ya same ka, aikin farko korar jama'a nesa da kiran 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

A cikin gari, ka tuna bodi ba ya bin sawun kan mota, yanke kwana yake yi. Ka buɗe sosai, ka duba madubi sau biyu, domin mai babur ko A Daidaita Sahu na iya maƙalewa a gefenka ba ka gan shi ba. In mota ta lalace, ka sa weji, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da baya, in ka ƙara da ganye ka kwashe shi idan za ka tafi.

Lasisinka ya zama na ajin G, wanda ya dace da tirela, takardun mota su kasance a hannu. Kuɗin hanya kuwa ka samu ɗan littafi ka rubuta komai, gas, faci, abinci, abin da aka karɓa a shinge. Kada ka zuƙi gas ɗin ubangida ka sayar, ko da ka ga manya na yi. Masu motoci sun san juna, kuma sun san lita nawa Kano zuwa Legas ke ci.