Darasi na Tara: Idan Kwamfuta Ta Hana Ka Taɓa Fayil

Wata rana za ka danna fayil, sai kwamfuta ta rubuto maka "Access denied", wato ba ka da izinin shiga. Kada hankalinka ya tashi. Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙofarsa ce kawai a kulle.

Kowane fayil yana da mai shi. Manyan izini kuma iri uku ne: na karantawa, na yin gyara, da na kunnawa idan manhaja ce.

Fara da abu mai sauƙi tukuna. Duba ko fayil ɗin a buɗe yake a wata manhaja. Rufe ta, ka sake gwadawa. Katin memori na SD yana da ɗan makunni a gefe. In an tura shi wajen da aka rubuta Lock, ba abin da zai shiga katin. Na sha ganin mutane suna shirin jefar da kati suna cewa ya mutu, alhali wannan ɗan makunnin ne.

A Windows, danna fayil ɗin da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties. In akwai alama a akwatin Read-only, wato karantawa kawai, cire ta. In abin ya ƙi, shiga Security ka ga ko sunanka yana cikin waɗanda aka ba izini. Canza mai fayil yana ƙarƙashin Advanced, amma sai mai asusun shugaban kwamfutar ne ke iya yinsa. Idan kwamfutar wurin aiki ce, ka nemi mai kula da ita, kada ka yi gaban kanka.

A Linux kuwa, buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta ls -l. A farkon layin kowane fayil, bayan alama ta farko, za ka ga wani abu kamar rw-r--r--, inda r ke nufin karantawa, w gyara, x kunnawa, - kuma babu izini. Kaso shi uku-uku: na farko na mai fayil, na biyu na ƙungiyarsa, na uku na sauran jama'a. Kowane izini da lambarsa: karantawa 4, gyara 2, kunnawa 1. Sai a tara. Mai karantawa da gyara yana da 6, mai karantawa kaɗai yana da 4. Umarnin chmod ne ke canza izini, kuma kowane kaso da lambarsa, saboda haka chmod 644 na nufin kai ka karanta ka gyara, saura su karanta kawai. Folda tana bukatar 755, domin in babu 1 ɗin kunnawa da ke cikin 7 da 5 ba a iya shiga cikinta. In fayil ɗin na wani ne, umarnin sudo chown, mai canza mai fayil da ikon shugaban kwamfutar, ke mayar da shi naka.

Ina roƙonka, ka guji chmod 777, ko da wani ya ce shi ne gajeriyar hanya. Matsalar za ta tafi nan take, amma ka bar wa duk mai amfani da kwamfutar damar sauya abin da ke cikin fayil ɗinka.

Aikin gwaji: ƙirƙiri fayil, ka sa masa 444, ka gwada rubutu a ciki. Sannan ka mayar da shi 644, ka sake gwadawa.